TASHAR JIRGIN DA TA YI ƘAURA

'Yan uwana mata, mu dai abin da muka sani shi ne mutum ke yin ƙaura ya bar gini. In tashi ya zo sai a kwance gado, a naɗe leda, a jera kwalla da kumbuna a buhu da tsumma a tsakaninsu don kada su goge, a bar wa mai gida bangonsa. To a ƙasar Ingila akwai wata tashar jirgin ƙasa da ita kanta aka yi wa irin wannan kwancewar, ginshiƙanta da rufinta da ƙofofinta, aka kwashe ta daga birni aka kai ta ƙauye aka sake ɗaura ta. Sunanta Rewley Road, kuma asalinta a birnin Oksfod take, garin nan mai tsohuwar jami'a.

Sai na fara da wani mai aikin lambu, domin ba don shi ba da labarin bai yiwu ba. Sunansa Joseph Paxton, yana kula da lambun wani basarake a gidan da ake kira Chatsworth, kuma ya ƙware wajen gina ɗakunan gilashi da ake rainon tsirrai a ciki saboda sanyi. Da Turawan Ingila suka tashi yin gagarumin bajekoli na duniya a Landan a 1851, sai tsarin wannan mai lambu ya yi nasara: wani makeken gini na ƙarfe da gilashi, tsawonsa ya haura rabin kilomita. Aka raɗa masa suna Crystal Palace, wato Fadar Gilashi. In kin taɓa jin maigida ko ƙannenki suna musun ƙwallo sun ambaci wannan suna, to daga ginin nan ƙungiyar ta samo shi. Sarauniya Biktoriya ce ta buɗe bajekolin ranar 1 ga Mayu, kuma kafin a rufe an ƙirga shigar mutane wajen miliyan 6.

Kamfanin da ya ƙera ƙarafan fadar, Fox da Henderson, shi ne aka ba aikin tashar Oksfod a daidai wannan lokaci, shi kuwa sai ya yi ta da irin dabarar da hannunsa ya riga ya saba. Ana narka ƙarfe a masana'anta a zuba a mazubi, ginshiƙai su fito iri ɗaya, a kawo su fili a ɗaure da noti, a rufe jiki da katako, a sa gilashi a sama don haske. Kin ga ke nan tamkar gadon ƙarfen nan na iyayenmu mai rumfa, wanda in akwai sifana a hannu za a warware shi da hantsi a ɗaura shi a wani ɗakin kafin la'asar. An buɗe tashar ranar 20 ga Mayu 1851, kwana 19 kacal bayan buɗe bajekolin.

Ita Fadar Gilashin ma ta yi tata ƙaurar, aka kwance ta aka mayar kudancin Landan, ta zauna a can har gobara ta cinye ta ƙurmus a 1936. Daga ranar sai 'yar ƙanwarta ta Oksfod ta zama abin da ya saura na wannan irin gini daga hannun waɗancan maƙera. Wannan shi ne dalilin da masana suka damu da ita, alhali in ido ne kawai, ba wata kyakkyawa ba ce ta a zo a gani.

Rayuwarta a Oksfod kuwa zaman kishi ne tun daga farko. A 1852 wani kamfanin jirgi mai suna Great Western ya zo ya kafa tasa tashar a jikinta, katanga da katanga. Kowanne da nasa fasinjojin, kowanne da nasa ma'aikatan, har faɗin layin dogonsu ma a farko ba ɗaya ba ne, na Great Western ya fi faɗi nesa ba kusa ba, jirgin wannan ba ya iya hawa layin wancan. Haka suka zauna kusan shekara 100. Da gwamnatin Birtaniya ta karɓe dukkan jiragen ƙasa a 1948, sai su biyun suka koma hannun miji ɗaya, shi kuwa ya duba aljihunsa ya ga ba zai iya riƙe biyu ba. Ranar 1 ga Oktoba 1951 aka sallami Rewley Road daga ɗaukar fasinja, tana da shekara 100 cif, aka mayar da jiragenta ɗakin kishiya.

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗi. Ginin da ya ga zamanin Sarauniya Biktoriya ya koma wurin sayar da tayoyin mota, fenti ya kaɗe, katako ya fara ruɓewa. Abu ɗaya ya tsare shi, gwamnati ta sa shi cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta hana a rushe su haka kawai.

A nan ne mutanen da na fi so a labarin suke shigowa. Shekarun 1960 lokaci ne da ake ta rufe ƙananan tashoshi a Ingila, ana yanka tsofaffin kawunan jirgi masu aiki da kwal ana sayarwa a matsayin ƙarfen gwangwan, har a 1968 aka daina aiki da su baki ɗaya a manyan layuka. Sai wasu mutane, ba gwamnati ba, ba attajirai ba, suka riƙa haɗa kuɗi suna sayen abin da suka iya kafin a kai shi mayanka. A 1969 suka sami wata tashar ƙauye da aka rufe wa fasinja tun 1963, sunanta Quainton Road, kusa da garin Aylesbury, suka kafa ƙungiya mai suna Quainton Railway Society. Aikin sa kai suke yi. Mutum ya gama aikinsa na mako, ranar hutu ya sa tsofaffin kaya ya je ya wuni yana kankare tsatsa, ba ko sisi. Wallahi nakan yi tunanin matansu, ko da wane ido suke kallon wannan sha'awa, domin na san wankin kayan da baƙin mai ya kama ba wasa ba ne. Haka suka yi shekara 30 suna tara kawuna da taragai, har wurin ya zama gidan tarihi sosai.

Can Oksfod kuma, a 1996 wani attajiri haifaffen Siriya, Wafic Saïd, ya ba jami'a fam miliyan 20 don ta gina makarantar koyon kasuwanci. Filin farko da aka zaɓa filin wasa ne, malaman jami'ar suka kaɗa ƙuri'a suka ce ba su yarda ba. Sai ido ya koma kan filin tsohuwar tasha. Ga kuma hukuma tana son faɗaɗa titin da ya bi ta gabanta. Rushewa doka ta hana, zama kuma masu kuɗi da masu titi sun hana, to ina mafita? Sai aka tuna da notin nan na 1851. Mutanen Quainton suka ce a ba su, suna da fili, kuma suna da abin da za su sa a ciki.

Kada ki ɗauka kowa ya yi murna. Akwai 'yan Oksfod da suka ce tasha ta garinsu ce, a gyara ta a inda take, a nemi wani wuri a yi makaranta. A 1998 masu zanga-zanga suka shiga cikin ginin suka tare, suna kwana suna tashi, sai da hukuma ta fitar da su da ƙarfi. Ni dai a ganina suna da gaskiyarsu. Ki duba tsohuwar da 'ya'yanta suka ɗauke daga unguwar da ta yi aure ta haihu ta aurar, suka kai ta sabon gida mai fanka da famfo a wani gari. Ta huta, ba musu, amma in ta leƙa ƙofa ba wanda ya san ta da ƙuruciya. Sai dai kuma in zaɓin da ya rage shi ne a bar ta a ɗakin da rufinsa ke yoyo, ni zan ce a ɗauke ta. Masu zanga-zangar sun so abin da ya fi kyau, mutanen Quainton kuwa sun kama abin da zai yiwu, kuma da nasu hannun aka tsira da ginin.

A 1999 aka kwance ta gaɓa-gaɓa. Makarantar Saïd ta tashi a filin, aka buɗe ta a 2001, ita kuma tashar ta sake miƙewa a Quainton a 2002, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota daga inda aka haife ta. An gyara ƙarafanta, an yi mata fenti, ta zama zauren karɓar baƙi na gidan tarihin, kuma an shigar da tsofaffin taragai ƙarƙashin rufinta, ciki har da na jirgin gidan sarautar Ingila na 1901. Wani abin da ya ɗan rage zafin ƙaurar shi ne ba hannun bare ta faɗa ba. Kamfanin da ya gina ta tun farko sunansa Buckinghamshire Railway, Quainton kuwa a cikin yankin Buckinghamshire ɗin take, kusa da gidan Sir Harry Verney, ɗaya daga cikin jagororin kamfanin, mijin yayar Florence Nightingale, matar nan da ta yi suna a aikin jinya.

Kamar kowace ƙaura, an bar wani abu a baya. Dab da tsohon filin akwai wani ɗan rafi da jirage ke haurawa kafin su shiga tasha, a kan wata gadar ƙarfe mai juyawa. In kwalekwale zai wuce, sai ma'aikata su kama hannun inji su murɗa, gadar ta juya gefe, ya wuce su mayar da ita. Jiragen kaya sun ci gaba da bi ta kanta har 1984. Ita ba ta bi tashar zuwa Quainton ba, tana nan a bakin ruwan a Oksfod, kuma wata ƙungiyar 'yan gari da aka kafa tun 1927, Oxford Preservation Trust, ita ce ta ɗauki nauyin gyaranta.