3.2 Shugabannin Ɗarikar Katolika a Kano Daga 1991

Kafin shekarar 1991, duk majami'un Katolika da ke ƙasar Kano suna ƙarƙashin Babban Bishop na Kaduna ne, wato Peter Jatau, wanda ya hau wannan muƙami tun 1975. A watan Maris na 1991 ne fadar Fafaroma ta yanke Kano daga Kaduna, ta mai da ita yankin mishan mai cin gashin kansa, aka kuma damƙa ta a hannun Fada John Francis Brown na ƙungiyar mishan ta SMA. Shi Brown ba bishop ba ne, limami ne da aka ba riƙo. Bai cika wata bakwai da kama aiki ba sai rikicin watan Oktoba ya ɓarke a kan zuwan mai wa'azin nan Bajamushe, Reinhard Bonnke. Duk da cewa ba 'yan Katolika ne suka gayyato shi ba, wutar ba ta bambance ɗarika ba. Mazauna Sabon Gari, inda mafi yawan mabiya suke, da dama sun kwashe iyalansu zuwa kudu.

Wannan ya fito da wata matsala da ta bi duk wanda ya shugabanci yankin. Mabiyan kashi biyu ne. Akwai baƙi 'yan kasuwa da ma'aikata, galibinsu Ibo, waɗanda su ne ƙarfin majami'a ta fuskar kuɗi, amma da zarar an yi tashin hankali sai su tafi. Akwai kuma Maguzawa da ke karkara, masu ibada da Hausa, marasa ƙarfi, amma ba su da wani gida da za su koma sai nan.

A 1995 aka ɗaga matsayin yankin, sannan a 1996 aka turo Patrick Francis Sheehan ya zama bishop na farko da ya zauna a Kano. Sheehan mutumin ƙasar Ayalan ne, an haife shi a 1932, ya zama limami a 1956 a ƙungiyar Agustin. Tun 1970 yake Bishop na Yola, ke nan ya shafe shekara 26 yana hulɗa da hukumomin Lamiɗon Adamawa da al'ummar Musulmi kafin ya zo. Abin lura shi ne, a lokacin da sauran yankuna suke komawa hannun 'yan ƙasa, har ita Yolar da ya bari aka ba Christopher Abba, sai ga Kano an kawo mata dattijon Bature. Alamu sun nuna cewa gogewarsa aka duba. A zamaninsa Kano ta zama cikakkiyar dayosis a 1999, da babbar majami'arta ta Fatima, kuma yankinta ya haɗa da Jihar Jigawa. Shi ne kuma ya riƙe mabiya lokacin ƙaddamar da shari'a a 2000 da rikicin watan Mayu na 2004, wanda ya biyo bayan kashe-kashen Yelwan Shendam. Dokar ɗarikar ta tanadi bishop ya miƙa takardar murabus idan ya kai shekara 75, don haka ya sauka a 2008. Ya rasu a 2012.

Wanda ya gaje shi, John Namaza Niyiring, shi ma ɗan ƙungiyar Agustin ne, haifaffen kudancin Kaduna, kuma shi ne ɗan ƙasa na farko a kujerar. Fafaroma Benedict na 16 ne ya naɗa shi. Rikicin da ya tarar ya bambanta da na magabatansa, domin a da taron jama'a ne ke tashi na kwana biyu ko uku, yanzu kuwa hari ne na ɓoye. A watan Afrilu na 2012 'yan bindiga suka far wa Kiristoci masu ibada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, a watan Yuli na 2014 kuma aka jefa bam a majami'ar St. Charles da ke Sabon Gari, jim kaɗan bayan an tashi daga ibadar Lahadi.