Tantan da Layin Jira a Ofishin Gona

Wanda ya tashi a ƙauyen Arewa a shekarun 1970 zuwa farkon 1980 ba ya manta ƙarar tantan. Da ruwan farko ya sauka, sai a jiyo rugugunta daga nesa, yara su bar abin da suke yi su bi ta a guje har bakin gona. Mafi yawanci ja ce, ƙirar Massey Ferguson, direbanta ya naɗe fuska da rawani saboda ƙura, balbelu na bin sabuwar huɗa suna tsintar tsutsa.

Asalin wannan jar mota daga Birtaniya ne. Harry Ferguson, mutumin arewacin Ayalan, shi ya ƙirƙiro hanyar ɗaura garma a bayan tarakta ta mahaɗa uku, yadda direba zai ɗaga ta ko ya sauke yana zaune. Hikimar ita ce nauyin garmar yana komawa kan tayoyin baya, don haka ƙaramar mota takan yi aikin babba, kuma ba ta cika kifewa ta baya ba idan garma ta ci karo da dutse ko saiwa. A 1946 aka fara ƙera samfurinsa na TE20 a Koventiri, a 1953 kuma kamfaninsa ya haɗe da Massey-Harris na Kanada.

Gwaji mafi girma na zamanin Turawa a wannan ƙasa an yi shi ne a Mokwa, daga 1949. An sare daji, an kawo motoci, an zaunar da manoma bisa sharaɗin kashi biyu cikin uku na amfanin gona na kamfani ne. Tarakta ta yi kaftu mai faɗi, amma ciyawa ba ta san da zamanta ba: noman fari da maimai sun rage a hannun mutum da fartanyarsa, kuma iyali ɗaya ba su iya bin filin da inji ya buɗe. A 1954 kamfanin ya janye.

Wannan bai sanyaya gwiwar hukumomi ba. Da kuɗin mai suka shigo, aka ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, sannan na Shagari a 1980. Aka kafa masana'antar Steyr a Bauci da wata ta Fiat a Kano domin harhaɗa motoci a gida, jihohi kuma suka cika ofisoshin gona da taraktocin haya masu rangwamen farashi.

A nan ne abin da yaro ke tunawa ya sha bamban da abin da mahaifinsa ya sani. Tantan ɗaya ce ga ƙauyuka da yawa, lokacin shuka kuwa 'yan kwanaki ne. Gonar hakimi da ta attajiri da ta babban ma'aikaci su ake fara yi. Mai eka biyu ya biya kuɗi tun bazara, ya yi ta zarya, motar ta iso masa bayan geron maƙwabcinsa ya kai ƙauri. Gonakin gado kuma ƙanana ne, a warwatse, cike da kututture da gawo da ɗorawa, itatuwan da ba mai hankalin da zai sare don faranta wa direba rai.

Ƙarshen ya zo ta hanyar kayan gyara. Bayan 1986, da darajar naira ta faɗi, ƙaramin ƙarfe da ake shigowa da shi daga waje ya isa ya kwantar da mota damina guda. Bakanike ya cire na wannan ya sa wa waccan, har harabar ofishin gona ta zama maƙabartar ƙarafa, inda yara ke hawa kujerar direba suna kwaikwayon ƙarar injin da baki.

Garmar shanu, wadda malaman gona suka fara yaɗawa tun ƙarshen shekarun 1920, ita ta ci gaba da huɗa a mafi yawan ƙauyuka. Maƙerin gari yana gyara ta, bijiman suna ba da taki, kuma idan sun yi ƙiba a sayar da su da riba a sayi 'yan maruƙa.