Yadda Makarantar Summerhill Ta Tsira Daga Rufewa

A ƙasar Ingila akwai wata 'yar makarantar kwana da ake kira Summerhill. Wani malami mutumin Sikotlan mai suna A. S. Neill ne ya kafa ta a shekarar 1921, kusa da birnin Dresden na Jamus. Daga baya ya koma da ita Ingila, a 1927 kuma ta zauna a garin Leiston.

Ra'ayin Neill ya sha bamban da na malaman zamaninsa. A ganinsa tsoro ɓata yaro yake yi. Saboda haka a makarantarsa babu bulala, ba a kuma tilasta wa kowa shiga aji. Yaro ya ga dama ya shiga, in bai ga dama ba ya tafi wasa. Dokokin makaranta kuwa a taro ake yin su, malami da ɗalibi kowa ƙuri'arsa ɗaya.

Neill ya rasu a 1973, matarsa Ena ta riƙe makarantar, a 1985 kuma 'yarsu Zoë Readhead ta karɓa. Amma hukuma ba ta daina sa mata ido ba. A watan Maris na 1999 sufetocin gwamnati suka duba ta, suka ce barin yara ba sa shiga aji tauye musu ilimi ne. Hujjarsu ita ce ta iyaye da yawa: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ministan ilimi David Blunkett ya ba da takardar gargaɗi, ko makarantar ta gyara, ko a soke rajistarta.

Makarantar ta ga in ta tilasta shiga aji, to, sunanta kaɗai zai saura. Sai ta ɗaukaka ƙara. A watan Maris na 2000 aka zauna shari'a a birnin Landan, bayan 'yan kwanaki kuma aka kai ga sulhu. Gwamnati ta amince cewa ilimi bai tsaya a cikin aji kaɗai ba, kuma duk sufeton da zai zo sai ya yi la'akari da aƙidar Neill, ya saurari yaran. Alƙalai suka ba ɗaliban ɗakin shari'ar, suka yi taronsu yadda suka saba, suka jefa ƙuri'ar amincewa.

Hukuma dai ba ta saki ikonta na duba makarantu ba, domin kare yaro haƙƙi ne a kanta. Abin da ta canza shi ne mudun awo. Da sufetoci suka koma a 2007, sun yaba wa makarantar.