Hasashen Trousseau da Samuwar Karbamazefin: Tarihin Magani Ɗaya ga Cututtuka Biyu

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin maganin nan da ake kira karbamazefin, wanda aka fi sani da sunansa na kasuwa, watau Tegretol. Likitoci suna ba da shi ga masu farfaɗiya, suna kuma ba da shi ga masu wani ciwo mai tsanani na jijiyar fuska. A ido, waɗannan cututtuka biyu ba su da wata dangantaka. Za mu nuna cewa wani likita ya hango dangantakar tun a ƙarni na 19, sai dai an yi fiye da shekara 100 kafin a sami maganin da ya gaskata shi sosai.

2.0 Ciwon da Hasashen

Ciwon yana kama jijiya ta biyar daga cikin jijiyoyin da suka fito daga ƙwaƙwalwa, wadda ta rabu gida uku: zuwa goshi, da kunci, da haɓa. Yakan zo farat ɗaya a gefe guda na fuska, kamar walƙiya, ya yi 'yan daƙiƙoƙi ya wuce, sa'an nan ya dawo. Tauna, ko magana, ko wanke fuska, kai har iska mai sanyi, duk suna iya tayar da shi. Akan sami mai ciwon ya rame don tsoron cin abinci. Da yawa kuma an cire musu haƙora masu lafiya bisa zaton daga nan ciwon yake. Nicolas André na Faransa ya yi bayaninsa a 1756, John Fothergill na Ingila kuma a 1773.

Armand Trousseau, likita a birnin Paris, shi ne a tsakiyar ƙarni na 19 ya lura da yadda ciwon ke faɗo wa mutum ba sallama, ya tafi ba sallama, a tsakani kuwa mutum ya zauna garau. Ya ce wannan ai halin farfaɗiya ne, har ya laƙaba masa suna mai ma'anar ciwon jijiya mai kama da farfaɗiya. A ganinmu wannan lura ce ta gwani, domin ba shi da na'urar auna komai, ido ne kawai da zama kusa da majinyaci. Amma lurar ba ta amfani marasa lafiya nan take ba. Abin da aka dogara a kai har cikin ƙarni na 20 shi ne a yi wa jijiyar allurar barasa, ko a yanke ta, gefen fuskar ya mutu har abada.

3.0 Magungunan Farfaɗiya

Ita kuwa farfaɗiya, Charles Locock ya ba da labarin amfanin gishirin buromaid a London a 1857. Alfred Hauptmann na Jamus ya gano amfanin fenobabital a 1912. Duka biyun suna rage faɗuwa, amma suna kashe jiki da sa barci. A 1938 ne Merritt da Putnam na birnin Boston suka fito da fenitoyin, bayan gwaji a kan kyanwoyi. A 1942 wani likitan Faransa, Bergouignan, ya gwada fenitoyin a kan ciwon fuska, aka ga sauƙi ga wasu.

4.0 Daga Basel

Walter Schindler ne ya haɗa karbamazefin a 1953, a kamfanin Geigy da ke Basel ta ƙasar Suwizalan. Asalin sana'ar kamfanin nan rini ce, kuma maganin ɗan'uwa ne na kusa ga imifiramin, maganin ciwon damuwa da ya fito daga gida ɗaya. A 1962 Blom na ƙasar Siwidin ya buga sakamakon gwajinsa a kan masu ciwon fuska a mujallar Lancet, kuma sauƙin da suka samu ya ba likitoci mamaki. Daga baya bincike ya bayyana dalili: maganin yana tare ƙofofin da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga ƙwayar jijiya, ya hana ta aika saƙo a jere ba ƙaƙƙautawa. Wannan zabura ta jijiya kuwa ita ce tushen cututtukan biyu, kamar yadda Trousseau ya zata.

Karɓuwarsa ba ta zo lokaci ɗaya ba. Ingila ta fara amfani da shi don farfaɗiya a 1965. Amurka ta amince da shi don ciwon fuska a 1968, amma ta ja ƙafa game da farfaɗiya har 1974, saboda rahotannin cewa yana hana ɓargon wasu mutane yin jini. Mu dai ba mu ga laifin wannan jinkiri ba, tun da mai farfaɗiya zai sha maganin ne shekara da shekaru. A 1971 kuma Takezaki da Hanaoka na Japan suka nuna yana kwantar da wani nau'in taɓin hankali mai sa zumuɗi.

Babbar illarsa ta daɗe ba a san sanadinta ba. Wasu ƙalilan, cikin makonnin farko na shan sa, fatarsu takan saluɓe kamar wanda wuta ta ƙone, har ta kai ga rasa rai. A 2004 masu bincike a Taiwan suka gano cewa wannan yana da alaƙa mai ƙarfi da wata ƙwayar gado, HLA-B*1502, wadda ta fi yawa a tsakanin Sinawa da mutanen kudu maso gabashin Asiya. A 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa gwada jinin 'yan asalin waɗancan ƙasashe kafin a ɗora su a kan maganin.