Daga Fiyano Zuwa Fulogin: Ina Matsayin Kalangu?

Maƙalar wannan mako ta shafi ƙananan manhajojin da ake saƙala wa babbar manhajar haɗa kiɗa, waɗanda 'yan situdiyo ke kira fulogin.

Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, kiɗan finafinan Kano ya ginu ne a kan fiyano, musamman samfurin Yamaha. A 1996 kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da tsarin VST a cikin manhajar Cubase. Daga nan kowane mai rubuta manhaja ya samu damar ƙera na'urar gyaran sauti ta zauna cikin kwamfuta. A 1997 Auto-Tune ya fito, wanda daga baya ya mamaye muryoyin waƙoƙin nanaye. A 1999 VST 2 ya ba da damar ƙera kayan kiɗa sukutum.

Sai dai kowa ya ja zarensa. Apple ya kafa Audio Units, Avid kuma ya kawo AAX a 2011 domin Pro Tools. Fulogin ɗin da aka rubuta wa wani tsarin ba ya buɗuwa a wani, kuma kowane tsari da yadda yake nuna fuskar manhajar. Shi ya sa masu ƙira suka rungumi JUCE na Julian Storer, a rubuta sau ɗaya a fitar da shi ga tsare-tsare da dama. A 2018 Steinberg ya daina ba da lasisin VST 2, a 2022 kuma Bitwig da u-he suka saki CLAP kyauta ga kowa.

Me ya haɗa wannan da Rano da Kibiya? Mai kalangu yana matsa tsarkiya ne a hammata, sautin ya hau ya sauka kamar maganar Bahaushe. Maɓallan fiyano kuwa a tsaye suke, kowanne da muryarsa. Duk wanda zai ƙera fulogin ɗin kalangu sai ya fara warware yadda yatsa zai maye gurbin hammata a fuskar manhajar, kuma ba zai iya ba sai ya zauna da makaɗan.

Makaɗan fadar Rano da na bukukuwan ƙauyukan Kibiya suna raye, kayan ƙira kuma sun samu. Matasanmu masu ilimin kwamfuta, ku naɗi sautinsu da izininsu, ku biya su haƙƙinsu, tun kafin waɗanda suka iya su ƙare.

Allah Ya sa mu dace.