Kiɗan Jita Da Ya Bi Ta Hannunmu A Sakkwato

Bayan babbar sallar da ta wuce, ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni a Sifawa. Muna zaune a zaure sai ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, duba wanga Buzu da ke kiɗin Turawa a Amurka. Rok suke ce mishi." Wani dogon bahago ne da rawani, yana yagar jita a gaban taron Turawa. Kafin in karanta sunan, kunnena ya riga ya gane muryar. Na ce masa, "Yaro, wannan ba kiɗan Turawa ba ne. Waƙar mutumin nan na tura ta a wayoyin jama'a tun kana rarrafe." Sai a ranar na haɗa muryar da suna: Mdou Moctar.

Na shiga sana'ar kaset a 1991, ina yaron shago a Sakkwato. Kullum da safe in hau mota daga Sifawa, in dawo bayan magariba. Aikina shi ne zama gaban rakoda mai baki biyu, uwar kaset a hagu, sabon kaset a dama, mai minti 60 ko mai 90, in kwafa. In zare ya harɗe, biro ne maganinsa. Abin da ya fi tafiya a lokacin shi ne wa'azi da karatu, sai Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Shata, sai waƙoƙin Indiya. A can ƙasan kanta akwai wani ɗan kwali da maigidana ke ajiye wa ɗaliban jami'a: Bob Marley, Santana, Dire Straits, Jimi Hendrix. A nan na fara jin jita mai amfani da lantarki, kuma gaskiya ba ta shige ni ba da farko.

Wanda ya buɗe mini kunne wani Buzu ne mai gadin layinmu. Farin 1973 da na 1984 ya kashe wa Buzaye dabbobi, ya koro da yawansu zuwa garuruwanmu suna gadi. Wata rana ya kawo kaset ba suna ba hoto, ya ce in kwafa masa biyu, kada in sa da ƙarfi. Jita ɗaya ce, da tafi, da muryar namiji mai sanyi, iska tana kaɗa makirfo. Babban yatsa yana ta bugun tsirkiya guda ba ya sauka daga kanta, sauran yatsu suna yawo a sama, kamar dai yadda mai molo ko mai gurmi yake yi. Shi ya sa ban ji baƙunta ba ko kaɗan, duk da ban san kalma ɗaya ta yarensu ba. Na kwafi na uku na kai gida. A Sifawa, garin da Shehu Usmanu ya zauna da almajiransa kafin ya koma Sakkwato, ba a sakin kiɗa a tsakar gida. A ɗakin samari nake ji da dare, rakoda a kusa da kunne, ina tattalin batir.

Daga baya na fahimci dalilin ɓoyon da mai gadin yake yi. Kiɗan nan ya taso ne a hannun samarin Abzinawa da fari da rashin aiki suka kai Aljeriya da Libiya. Ana kiran su ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi, kiɗan kuma suna kiransa asuf, wato kewa da begen gida. A ɓangaren Mali akwai ƙungiyar Tinariwen ta su Ibrahim Ag Alhabib, a Nijar kuma akwai Abdallah Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist n'Akal. Da tawaye ya ɓarke a 1990, hukuma ta ɗauki waɗannan waƙoƙi a matsayin kiran yaƙi, riƙe kaset ɗinsu ya zama abin da zai iya jawo wa mutum kamu. Sai bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 jita ta fito fili, ta shiga gidajen biki a Agadas. Kafin nan kaset ɗin a aljihu yake tafiya, daga Agadas zuwa Tawa, zuwa Ƙonni, ya tsallako Illela ya iso gare mu, kowane kwafi ya fi na baya dishewa.

Ta wannan hanya dai jitar Hausa ita ma ta iso. Duk wanda ya yi samartaka a ƙasar Sakkwato a shekarun 1990 ya san Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda ya ɗora kiɗan bori a kan jita da gangunan zamani. Faifan da ya yi da Moussa Poussy, Niamey Twice, a Ingila aka fitar da shi a 1994, mu kuwa mun sayar da kwafinsa har zaren uwar kaset ya tsinke. Allah ya ji ƙansa, haɗarin mota ya ɗauke shi a 2008.

A wannan lokaci kaset ya riga ya fara mutuwa. Faifan sidi bai daɗe ba, wayoyin Cana masu cin memori suka cinye kasuwa. Na sayar da rakoda na sayi tsohuwar kwamfuta, na koma mai tura waƙa. Sitidiyoyi kuma suka cika da fiyano da na'urar lanƙwasa murya, irin ta waƙoƙin finafinan Kano. Wannan salon ne ya ja wani saurayi daga yankin Abalak, wato Mdou Moctar ɗin nan, wanda ya ƙera jitarsa ta farko da wayar birkin keke saboda iyayensa ba su yarda da kiɗa ba, ya tsallako Sakkwato a 2008 ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar. Jitar Abzin ce, amma gangar da lanƙwasar muryar namu ne sak. Ba a kai shi kanti ba. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo ta Bluetooth har ya zagaye Sahara. Waƙarsa Tahoultine tana cikin kwamfutata shekara da shekaru, a jakar da na sa wa suna "Buzaye", ba sunan mawaƙi, ba shekara.

Nan ne abin ke yi mini ciwo. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya bi garuruwan Sahel yana karɓar waƙoƙi daga memorin mutane. Ya ji wannan waƙa, ya sa ta a tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar, sannan ya tashi neman mai ita har ya same shi. Abin da ya biyo baya duniya ta gani: fim a Agadas a 2015, kundin Ilana a 2019, Afrique Victime a 2021, Funeral for Justice a 2024. Tinariwen sun ci kyautar Grammy a 2012, Bombino na Agadas ya shiga jerin 'yan takararta a 2019. Mu da waƙar ta fara biyowa ta hannunmu, ko tambayar sunan mai ita ba mu yi ba. Mun ci abinci da muryoyin mutanen nan shekaru, ko sisi bai koma gare su ba. A lokacin ba mu ɗauke shi laifi ba, haka muka tarar da sana'ar. Yau ina ganin haƙƙi ne a wuyanmu.

Sannan ba mu adana ba. Buhu biyu na kaset na bari a wani ɗaki da ke yoyo, damina ɗaya ta gama da su. Kwamfutar kuma ta mutu da duk abin da ke cikinta. Bayan tafiyar ɗan ƙanwata na zazzage akwatin ƙarfen da na yi samartaka da shi, na sami kaset bakwai. Na ari rakoda a Boɗinga, na goge kanta da auduga. Huɗu sun yi magana. Ɗaya daga ciki kwafin nan ne na uku, na mai gadi. Muryar ta dusashe, amma babban yatsan nan yana nan kan tsirkiyarsa. Da na jera shi da abin da yaron ya nuna mini a waya, na ji ƙarar lantarki da gudun ganga ne suka ƙaru. Hannun bai canza ba.

Ina kira ga tsofaffin abokan sana'a a Sakkwato da Illela da Boɗinga da Shagari: duk mai sauran kaset ko tsohon memori, kada ya zubar. A nemi yaro mai kwamfuta ya juye su, a rubuta sunan mawaƙi da garinsa da shekarar da aka samu, tun masu iya gane muryoyin suna raye. Ina kuma roƙon Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ta ware wa waɗannan sautuka wurin ajiya. Nawa guda huɗu suna nan Sifawa, a shirye nake in kai su da kaina.