Zinari ya buɗe hanya, kuza ta kai mu gaba

Zinarin da ake wankewa a dajin Birnin Gwari bai bambanta da na ko'ina ba: cibiyar kowace ƙwayar zarrarsa firoton 79 ne da niyutoron 118. Sa ɗan gutsuren dutsen cikin ƙaramin injin nukiliya na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda ya fara aiki a 2004, sai cibiyar ta haɗiye niyutoron guda. Ƙarin nan ɗaya tak ya isa ya hana ta zama lafiya. Kafin kwana uku su cika, rabin cibiyoyin da suka haɗiya sun rikiɗe sun koma zaiba, suna fitar da hasken gama da ake ƙirgawa a san yawan zinarin.

Mu da ke nazarin karon manyan cibiyoyi, zinari muka daɗe muna gwabzawa. A 1995 ƙungiyar ALADIN ta cibiyar bincike ta GSI a Jamus ta harba zinari kan zinari, ta ga alamar cibiya tana tafasa kamar tukunya, wani sashe ya zama tururi, wani ya dunƙule ɗigo-ɗigo. Sai dai zinari mai ɗorewa nau'i ɗaya gare shi, don haka da shi kaɗai ba a gane rawar da yawan niyutoron ke takawa.

Kuza ce ta warware mana. Firoton ɗinta 50 ne ko yaushe, amma nau'inta masu ɗorewa har goma. A jami'ar jihar Mishigan ta Amurka aka yi karon kuza mai jimillar firoton da niyutoron 112 da irinta, sannan mai 124 da irinta, aka tsince ɓarɓashin ɗaya bayan ɗaya. Rarar niyutoron ta fi bin tururin, manyan gutsattsarin kuwa suka fi kusa da daidaiton firoton da niyutoron, yadda masana Müller da Serot suka lissafa tun 1995. A 2001 Betty Tsang da abokan aikinta suka nuna bambancin karon biyu yana bin ƙa'ida ɗaya mai sauƙi. Ni a ganina daga nan fannin ya girma.

Abin da muke aunawa shi ne tsadar rashin daidaito tsakanin firoton da niyutoron, wadda masani Weizsäcker ya sa a lissafinsa tun 1935. Nawa take idan an matse cibiya ninki biyu, kamar cikin tauraron niyutoron? Har yau ana gardama, kuma tana cikin tambayoyin da injin FRIB na Mishigan, wanda aka buɗe a 2022, yake bi.